Yadda Za Ka Shaƙe Tankin Babur Ka Ɗora wa Kafireta Laifi

Ɗan'uwa, in burinka ka zama babban bakaniken babur, irin wanda ake tashi a ba shi kujera, wanda ba a yi masa musu ko da babur na ci da wuta a gabansa, to ka gyara zama. Matakai takwas ne. Na ba ka tabbaci, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, cikin mako uku za ka mayar da lafiyayyen babur gurgu, mai shi ya riƙa yi maka godiya, laifin kuma ya sauka a kan wani. Ba a littafi na karanta wannan ba. A kaina aka gwada.

Shekara uku na yi ina karatun injin a makarantar koyon sana'a. Mu talatin da biyu ne a aji, ni kaɗai ce mace, ni na zo ta ɗaya. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da garejin babura, ya ɗauke ni aiki don kunyar yayarsa. Wata goma sha ɗaya na yi a tsugune ina wanke notoci a kwanon fetur har fatar yatsuna ta saɓule ta sake fitowa. A garejin ana kirana Injiniya, amma sai an ja sunan, an haɗa ido, an yi murmushi.

Malaminmu a wannan darasi shi ne babban bakaniken garejin, wanda ake ce wa Mai Kunne. Shekararsa talatin a sana'a. Ba ya awo, ba ya gwaji. Kunne yake karawa a jikin injin, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon. Duk abin da za ka karanta daga gare shi na koya.

Mataki na ɗaya: Ka tsani duk tiyon da ba ka san aikinsa ba

A jikin tankin wasu babura akwai wani siririn tiyo da ke fitowa daga sama, ya bi jikin ƙarfe ya sauka ƙasa, bakinsa a buɗe, ba a haɗa shi da komai ba. A makaranta sun ce mana ta nan tanki yake shan iska. Fetur na sauka, iska na shiga ta maye gurbinsa. In ka toshe shi, fetur zai yi ta raguwa har ya tsaya cak, kamar yadda ruwa ke ƙin zubowa daga gwangwanin da aka huda wuri ɗaya tak.

Kai ka manta da wannan. Tiyon da ba ya zuwa ko'ina ɓarawo ne.

Akwai wani mai kawo mana babur, Mai Ƙwai. Kullum da safe yana ɗaure kiret goma sha biyu na ƙwai a bayan baburinsa ya raba wa shaguna. Mutum ne mai haƙuri da yawan gaisuwa. Ranar da ya zo sabis ya yi ƙorafin babur na shan mai. Mai Kunne ya sunkuya, ya shinshina bakin tiyon nan, ya ɗago.

"Ka ji wari?"

"Na ji, Baba."

"To manka ne ke tafiya sama. Kana saye, iska na sha."

Ya naɗe tiyon biyu, ya ɗaure shi tam da jar waya, ya murɗa ta sau uku, ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, yadda yake yi wa duk ɗaurinsa. Ya cusa shi ƙarƙashin tanki inda ido ba ya kai wa.

"Wannan ba kowa nake yi wa ba," in ji shi.

Mai Ƙwai ya yi godiya har da dafe ƙirji. Ka lura da darasin: mugun aiki in an yi shi a matsayin alfarma, ba a tuhumarsa.

Mataki na biyu: Ka tabbata wani ya taɓa kafireta a ranar

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska ta ba injin, kuma duk duniya an yarda ita ce mai laifi kafin a yi bincike. Abin da ya rage kawai a samo hannun da ya taɓa ta.

A ranar ce, bayan wata goma sha ɗaya, Kawu ya ce, "Ke, 'yar nan, kwance kafiretar can ki wanke mu gani."

Na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera kayan cikinta yadda na ciro su, na wanke, na hura kowace kafa, na mayar. Bugu ɗaya babur ya tashi, yana kaɗawa sumul. Na duƙufa a kan aikina, shi ya sa na ga ɗaurin tiyon da wutsiyar ido kawai. Da na koma gida na gaya wa mahaifiyata yau na yi aikin bakanike. Ta ce in wanke hannu kafin in taɓa mata ƙofa, amma na ji ta tana ba maƙwabciya labari ta kan katanga.

Mataki na uku: In babur ya dawo, fara buɗe murfin tanki

Washegari da hantsi sai ga Mai Ƙwai yana turo babur, gumi har cikin takalmi. Ya ce yana cikin tafiya, bayan kamar minti ashirin, babur ya fara shiɗewa, ya mutu a tsakiyar hawa. Kiret biyu sun zame.

Ga abin da gwani ke yi. Ka tako a hankali. Ka buɗe murfin tanki ka leƙa, ka ce, "Da mai." Ka rufe. Ka ɗauki sukudireba ka ɗan murɗa wani abu a jikin kafireta, ko wane ne, ba komai. Ka buga. Babur zai tashi.

Zai tashi ne don ka buɗe murfi iska ta shiga, amma wannan tsakaninka da tanki ne, shi kuma ba ya magana. Jama'a sukudireba suka gani.

"Wa ya taɓa kafiretar nan?" Mai Kunne ya tambaya, shi da yake tsaye a kaina lokacin da nake mayar da ita.

Kowa ya juyo ya dube ni.

Wannan matakin yana da daɗi, don ana iya maimaita shi har abada. Babur ba zai taɓa mutuwa a hannunka ba, a hannun mai shi kawai yake mutuwa.

Mataki na huɗu: In an faɗa maka gaskiya, ka mayar da ita abin dariya

Na ce, "Baba, ba kafireta ba ce. Tiyon da ka ɗaure jiya ne. Tankin ba ya numfashi."

Kada ka yi fushi a irin wannan lokaci. Fushi na sa mutane su yi zaton akwai magana. Ka yi yadda malaminmu ya yi: ka ajiye sukudireba, ka juya ga masu zaman benci, waɗanda ba su da babur ba su da aiki amma ba sa fashin zuwa gareji.

"Jama'a, kun ji? Tanki ba ya numfashi. Injiniya, to a kai shi asibiti ne, ko za ki auna masa zazzaɓi a nan?"

Benci ya ɗauka. Wani ya ce a sayo wa tankin maganin mura. Wani ya ce shi nasa baburin minshari yake yi, ko akwai darasinsa a makarantarmu. Kawu bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ke, koma kan kwanonki. Kada in sake ganin hannunki a jikin baburin nan."

Na bi Mai Ƙwai har bakin titi. Na ce, "Malam, don Allah in ya sake mutuwa, ka buɗe murfin tanki ka saurara."

Ya dube ni da tausayi. "Ƙanwata, ban riƙe ki a zuciya ba. Kowa da ranar farinsa. Amma ki bar manya su gyara abin da kika ɓata."

Daga ranar, in na wuce, sai wani a benci ya ja dogon numfashi ya sauke. Kwana goma sha tara suna yi. Na ƙirga.

Mataki na biyar: Ka yi wa kafireta aiki har ta manta kamanninta

Tunda babur zai ci gaba da dawowa, dole kowane zuwa ka yi abin da ya fi na baya girma, don a san ana ƙoƙari.

Zuwa na biyu: a cikin kafireta akwai jet, wani ɗan noti mai huda kamar ta allura, ta nan fetur ke wucewa. Waɗanda suka ƙera shi sun auna hudar da na'ura. Kai ka ce ta yi ƙanƙanta. Ka samo allurar ɗinkin buhu ka sakace ta.

Zuwa na uku: ka ɗaga allurar totur zuwa matakin ƙarshe. Ka cire soson da ke tace iska ka jefar, ka ce shi ke shaƙe injin. Ka lura, a nan an yarda injin yana numfashi. Tanki ne dai ba a ba shi izini ba.

Zuwa na huɗu: ka canja fulogi, don tsohon ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin aikinka. Ka nuna wa mai babur baƙin, ka ce, "Ka ga abin da yarinyar nan ta jawo?"

Zuwa yanzu baburin Mai Ƙwai yana ruri kamar injin niƙa, yana tafe baƙin hayaƙi na bin sa, yana shan mai ninki biyu. A da minti ashirin yake yi kafin ya mutu, yanzu sha biyu. Wannan shi ake kira ci gaba. Mai Kunne ya kara kunne a jikinsa ya ce, "Ya kusa. Na ji shi yana sakin jiki."

Mataki na shida: Ka dogara da girman kan wanda ka zalunta

Za ka ce, ke kuma me ya hana ki kwance wayar a ɓoye? Tambaya ce mai kyau, na sha yi wa kaina.

Akwai ranar da aka bar baburin a gareji duk suka tafi cin abincin rana. Ni da shi kaɗai. Filaya na hannuna. Na durƙusa, na zura yatsa ƙarƙashin tanki, na taɓo ƙugiyar wayar. Murɗa uku ne kawai.

Sai na hango abin da zai biyo baya. Babur zai warke. Za a ce allurar buhu ce ta yi aiki. Mai Kunne zai ƙara wani labari a cikin labaransa, na yadda ya ceto babur daga hannun 'yar makaranta. Ni kuma zan tsufa a kan kwanon fetur a matsayin wadda ta taɓa kafireta sau ɗaya.

Na zare hannuna. Washegari Mai Ƙwai ya sake asarar kiret guda a bakin kasuwa, kuma wannan kiret ɗin da hannuna a ciki. Ban ji daɗi ba, har yau ba na jin daɗi. Amma in ka mayar da ni gaban baburin nan da filayar nan, ban yi maka alkawarin zan yi dabam ba.

Mataki na bakwai: Kada ka taɓa yarda a yi gwaji a gaban mutane

A nan malaminmu ya yi sake, sai ka kiyaye.

Zuwa na biyar, Mai Ƙwai bai yi gaisuwa ba. Ya jingine babur ya ce wa Kawu, "Maigida, shaguna uku sun daina karɓar ƙwaina. Mu bakwai ne masu rabo da muke kawo muku babura. In aka ci gaba da ba yara aikin manya a nan, gaba ɗaya za mu canja gareji."

Kawu ya shiga ciki, ya ɗauko akwatin kayan aikina, wanda aka ba ni kyauta ranar da na zo ta ɗaya, ya ajiye shi a bakin ƙofa.

"Ki gaida yaya. Ki ce zan zo in yi mata bayani."

Ban ɗauka ba. Na ce, "Kawu, zan tafi. Amma a ba ni minti goma sha biyar. Ba zan taɓa kafireta ba, ba zan taɓa sifana ba. A cika tankin nan, ya yi ta zagaya layin nan har ya mutu. In ya mutu, kada kowa ya taɓa murfi."

Daidai nan ya kamata gwani ya ce ba shi da lokacin wasan yara. Amma benci ya riga ya miƙe, an ga abin kallo kyauta. Mai Kunne ya yi dariya ya ce, "A bar ta. A yi sallama da daɗi."

Aka cika tanki. Mai Ƙwai ya hau, ya yi ta zagaye, hayaƙi na bin sa, masu shaguna na leƙowa suna tsinuwa. Tanki a cike iskar cikinsa kaɗan ce, jet kuma an mayar da shi rariya, don haka ba mu daɗe ba. A zagaye na goma sha ɗaya babur ya shiɗe, ya yi tari, ya mutu taku kaɗan daga ƙofarmu.

Mai Kunne ya tako a hankali. Hannunsa ya nufi murfi da kansa, shekara talatin ta sabar masa. Na riga shi. Na kifa tafina a kai.

"Ɗauke hannunki."

"Baba, ga sukudireba. Gyara shi yadda ka saba."

Ya murɗa. Ya buga. Shiru. Ya sake murɗawa, ya buga, ya buga, har hularsa ta faɗi. Wani a benci yana ƙirgawa da ƙarfi, ya kai ashirin da uku, Kawu ya harare shi ya yi shiru.

Na ce, "Baba, duk garin nan an san babu mai kunnenka. Don Allah kara shi a nan."

Ba yadda zai yi, don yabo ne, kuma a gaban jama'a. Ya sunkuya ya kara kunne a jikin murfin. Gareji ya yi tsit. Na murɗa makullin murfin na buɗe.

Tankin ya ja iska, fuuu, dogo, kamar mutumin da aka tsamo daga ruwa. Har na ƙarshen benci ya ji.

Na ƙirga goma a raina don fetur ya sauka. Na ce wa Mai Ƙwai, "Buga." Bugu ɗaya.

Sannan na zura hannu ƙarƙashin tanki na jawo tiyon waje, a naɗe, da jar wayarsa, murɗa uku da ƙugiya. A garejin nan ko makaho ya shafa ɗaurin nan ya san mai shi.

Mataki na takwas: In an kama ka, ka kurmance

Kada ka ɗauka an gama da malaminmu. Ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya kaɗe.

Kawu ya ce, "Ka ji abin da muka ji?"

"Ni ban ji komai ba. Akwai hayaniyar titi."

Babu mota ko ɗaya a layin. Mai Ƙwai ya buɗe baki, ya dubi furfurar mutumin, ya rufe. Ya juyo gare ni ya ce, "Ƙanwata..." Na ce masa ya bari, ni ma akwai kiret guda da zan nemi yafiyarsa a kai wata rana. Bai gane ba.

Kada kuma ka sa ran a ba wanda aka zalunta haƙuri, ba a yin haka a gareji. Kawu ya nufi ƙofa, ya yi tuntuɓe da akwatina da gangan, ya ce, "Wane ne ya bar kaya a hanya? Ke, ɗauke ki kai teburin can na biyu. Kuma kafiretar nan tana son sabon jet da soso, ki duba ta kafin la'asar."

Teburin na biyu yana da fitila da makamar ƙarfe ta damƙe abin da ake gyara. Ba a wanke notoci a kansa.

Cikin makon nan na ga Mai Kunne yana kiran mutanensa na alfarma ɗaya bayan ɗaya, wai su kawo babur a duba musu birki. Kowanne ya zo, sai hannunsa ya ɓace ƙarƙashin tanki na ɗan lokaci. Na ƙirga shida. Ranar Asabar kuma na ji shi yana gaya wa wani sabon zuwa, ido a lumshe, "Abin da yaran yanzu ba su sani ba, shi tanki numfashi yake yi kamar ni da kai." Benci ya gyaɗa kai. Wannan shi ne ƙarshen ilimin, in ka kai nan ka sauke.

Gargaɗi

Marubuciyar wannan jagora ba ta da alhakin duk abin da ya same ka in ka bi ta. Ƙwan da ya fashe, fulogin da ya ƙone, jet ɗin da ka mayar rariya, takalmin da ya cinye wajen turi, da hular da ta faɗi a gaban jama'a, duk naka ne, kada ka ambaci sunana. Ban san ka ba, ban aike ka ba, ranar ma ina kan kwanon fetur.

In kuma baburinka ya riga ya faɗa hannun wani da ya karanta matakan nan kafin kai, ka turo shi, kada ka buɗe murfi a hanya. Tebur na biyu daga ƙofa. Za ka ga akwatin kayan aiki da wata jar waya ɗaure a hannunsa, murɗa uku da ƙugiya. Ka ce Injiniya kake nema. Ko ka ja sunan ko kada ka ja, ni ce zan amsa.